Shaidar Tuƙin Jirgin Sama da Na'urori: Lokacinta da Kuɗinta

Matuƙin da ya samu lasisinsa na farko, wato lasisin tuƙi na ƙashin kai, ba shi da izinin kutsawa cikin gajimare ko hazo mai kauri, domin horonsa ya dogara ne ga ganin ƙasa da sararin sama da ido. Abin da ke ba shi wannan izini shi ne shaidar tuƙi da na'urori, wadda ke tabbatar da cewa zai iya sarrafa jirgi ta karanta agogunan da ke gabansa kaɗai, ko da jikinsa yana raya masa cewa jirgin na tafiya daidai alhali ya karkata. Irin wannan ruɗani ne masu bincike suka ɗora wa alhakin haɗarin da ya halaka John F. Kennedy ƙarami a 1999.

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta sharɗanta wa mai neman shaidar sa'o'i 50 na tafiya tsakanin filaye masu nisa yana jagoran jirgi, da sa'o'i 40 na tuƙi da na'urori, waɗanda 15 daga cikinsu sai tare da malami, sannan da tafiya guda ta kimanin kilomita 460 wadda zai gwada dabarun sauka iri uku a cikinta.

Batun lokaci ne ɗalibai suka fi yin kuskure a kansa. Lasisin tuƙi na kasuwanci a Amurka yana buƙatar sa'o'i 250, kuma duk sa'ar da aka yi a horon na'urori tana shiga cikin wannan lissafi, saboda haka wanda ya fara horon da zarar ya samu lasisin farko kuɗin malami da na jarrabawa ne kawai ƙari a kansa, tunda hayar jirgin dama sai ya biya ta. Wanda ya jinkirta kuwa, ya cika sa'o'insa da shawagi a rana mai haske, zai sake biyan haya daga baya, kuma kafin ya samu shaidar, lasisinsa na kasuwanci bai ba shi damar ɗaukar fasinja don kuɗi da dare ba, ko zuwa nisan da ya wuce kilomita 93.

Jimillar kuɗin takan haura dala dubu goma, kodayake ana rage ta da na'urar kwaikwayon tuƙi, wadda doka ta yarda a yi har sa'o'i 20 a cikin ingantacciyarta. Abin da ya fi cinye kuɗi shi ne yanke karatu, domin ƙwarewar saurin dushewa gare ta, sai a maimaita darasin da aka riga aka biya.

Ga ɗalibin Najeriya, ko a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964 yake ko a ƙetare, hazon hunturu da kan hana jirage sauka a Kano ya isa hujjar neman wannan shaida. Gara ya tara kuɗin horon gaba ɗaya kafin ya fara, ya kuma kammala shi a jere.