Nazarin ƙididdiga a ƙwallon ƙafa da besbol

Nazarin ƙididdiga a wasanni shi ne amfani da alƙaluman da aka tattara a fili domin auna ƙwazon 'yan wasa da ƙungiyoyi. Hanyar ta fara kafuwa ne a wasan besbol na Amurka, daga baya ta shigo ƙwallon ƙafa, inda har yanzu ake muhawara kan iyakar amfaninta.

Tarihi

A besbol, Bill James ya fara wallafa nazarinsa a 1977. Hanyar ta yi suna bayan ƙungiyar Oakland Athletics, ƙarƙashin Billy Beane, ta yi amfani da ita wajen sayen 'yan wasa masu araha, ta kuma ci wasa 20 a jere a 2002. Michael Lewis ya ba da labarin a littafinsa Moneyball na 2003.

A ƙwallon ƙafa kuwa, Charles Reep na Ingila ya fara rubuta duk abin da ya faru a wasa da hannu tun 1950. Ya lura cewa yawancin ƙwallaye ana cin su ne bayan fasin uku ko ƙasa da haka, sai ya ba da shawarar a riƙa doka dogon ƙwallo gaba. Masu suka sun nuna kuskurensa: akasarin hare-hare dama gajeru ne, don haka ba abin mamaki ba ne yawancin ƙwallaye su fito daga cikinsu.

Bambancin wasannin biyu

Besbol wasa ne na tsayawa da tashi. Kowane jifa karo ne tsakanin mutum biyu, mai jefa ƙwallo da mai bugu da sanda, kuma ana iya rubuta sakamakonsa shi kaɗai. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasa 162 a kaka, abin da ke rage tasirin sa'a a alƙaluma.

Ƙwallon ƙafa ba ya tsayawa haka. 'Yan wasa 22 suna motsi a lokaci guda, kuma ɗan bayan da ya tare hanya tun kafin a ba da fasin ba ya bayyana a lissafi. Gasar Firimiya wasa 38 ce kawai, ƙwallaye kuma kaɗan ne, shi ya sa ƙungiyar da ta fi taka leda kan iya shan kashi da ci ɗaya.

Inda hanyar take aiki

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne xG, wanda ke ƙiyasta yiwuwar kowane hari ya zama ci, bisa nisansa da raga da kusurwarsa. Bugun fenareti, alal misali, yana da kusan 0.76.

Ƙididdiga ta fi tasiri wajen sayen 'yan wasa da kuma bugun kusurwa da na tazara, domin su ne suka fi kama da besbol: wasa ya tsaya, an sake farawa daga wuri sananne. Midtjylland ta lashe gasar Denmak a 2015, Brentford kuma ta hau Firimiya a 2021, dukansu a hannun Matthew Benham, wanda ya dogara da alƙaluma. Kamfanin da ya mallaki ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox ya sayi Liverpool a 2010, ƙungiyar ta kuma kafa sashen bincike. Duk da haka, waɗannan ƙungiyoyi ba su daina tura masu farautar 'yan wasa su kalle su da ido ba.