FASHIN BAƘI: Tsoron infoma da batun wa ke da bakin magana a taron gari a yankin 'Yargoje

A daren Lahadi, 9 ga Yuni, 2024, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin 'Yargoje da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara a Jihar Katsina. Mazauna yankin sun shaida wa 'yan jarida cewa an kashe aƙalla mutum 50. Rundunar 'yan sanda ta ba da adadin da bai kai haka ba, amma ta tabbatar da cewa an yi wa jami'an da suka tafi kai ɗauki kwanton ɓauna, aka kashe 'yan sanda huɗu da dakarun tsaron al'umma na jihar guda biyu.

Duk inda aka yi irin wannan kwanton ɓauna, kafin a gama rufe gawarwaki tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin mutane: wa ya sanar da su? Daga wannan tambayar ake haifar ta biyu, wadda ba ta cika fitowa a kanun labarai ba, alhali ita ce ke tsara yadda gari zai gudanar da al'amuransa daga baya. Idan za a zauna a ƙofar gidan dagaci ko a harabar masallaci domin tattauna tsaro, wa za a bari ya zauna, wa kuma za a ba dama ya yi magana? Ra'ayin da ya fi saurin karɓuwa a garin da aka zubar da jini shi ne a taƙaita magana ga 'yan gari na asali, waɗanda aka san iyayensu da kakanninsu, a bar baƙo a waje.

Hujjar masu son a rufe ƙofa

Ba ra'ayi ne na wauta ba, kuma wanda bai taɓa kwana yana sauraron ƙarar babura daga bakin daji ba bai kamata ya yi saurin raina shi ba. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kalmar infoma ta zama ta yau da kullum: mutumin da ke kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu ko hatsi, da gidan da ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni, da lokacin da motar jami'an tsaro ta bar gari. Taro kansa yana iya zama tarko. A watan Afrilun 2014, a 'Yar Galadima da ke Ƙaramar Hukumar Maru ta Jihar Zamfara, mahara sun buɗe wuta a kan taron 'yan banga da shugabannin al'umma da suka haɗu domin shawarar yadda za su kare kansu, wasu rahotanni suka kai adadin mamatan sama da 100. Tun daga lokacin, duk mai shirya taron tsaro a wannan shiyya ya san cewa sanin rana da wurin taron ma makami ne.

Akwai kuma hujjar alhaki. Ɗan gari yana da gida da gona da surukai a wurin. Idan ya ba da muguwar shawara ko ya ci amana, akwai inda za a same shi, akwai kunyar da za ta bi zuri'arsa. Wanda ya sauka watanni uku da suka wuce yana iya ɗaure kayansa da asuba ya ɓace.

Inda hujjar ta yi rauni

Matsalar ita ce abin da aka gani a zahiri bai goyi bayan zaton cewa haɗarin daga baƙo yake fitowa ba. Bayanin da 'yan bindiga ke saye bayani ne na cikin gida: wa ke da kuɗi, ta wace ƙofa ake shiga gidansa, wace hanya ce ke kewaye shingen 'yan banga. Baƙo bai san wannan ba sai ya daɗe. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari.

Zargin ma ya sha hawa har saman tsanin sarauta, inda babu mai shakkar asalin kowa. A shekarar 2021, Majalisar Masarautar Katsina ta dakatar da hakimin Ƙanƙara na lokacin bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. A watan Afrilun 2022, gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi. Zargi ba hukuncin kotu ba ne, kuma bai dace a ɗauke shi haka ba. Amma ya isa ya nuna cewa hukumomin da suka fi kowa sanin yankin ba su ɗauki daɗewar mutum a gari a matsayin shaidar amanarsa ba. Ma'aunin da zai wuce da mai rawani ba tare da tambaya ba, ya tsayar da ɗan ci-rani a bakin ƙofa, ba ya auna abin da aka ce yana aunawa.

Sannan a duba su wane ne baƙin nan. Mafi yawansu ba daga nesa suke ba. Mutanen ƙauyukan da aka tasa ne, waɗanda suka taho garin da ya fi girma suka raɓa a gidajen dangi, ko shaguna, ko azuzuwan makaranta. Su ne suka ga maharan ido da ido, suka san ta wace fadama suke ɓullowa, suka san muryoyin wasu daga cikinsu. Wasu sun yi makonni a daji kafin a biya kuɗin fansarsu, sun ga sansanonin da babu wani ɗan kwamiti da ya taɓa gani. Taron da ya hana waɗannan magana ya toshe kunnensa daga shaidun da suka fi kowa sani.

Rukuni na biyu ya fi wannan sarƙaƙiya. Fulani makiyayan da kakanninsu suka yi kiwo a gefen waɗannan garuruwa, masu arɗo da rugage sanannu, sau da yawa ana lissafa su cikin baƙi idan maganar tsaro ta taso. Ƙungiyar International Crisis Group, a rahotonta na watan Mayun 2020 kan rikicin arewa maso yamma, ta nuna yadda farmakin 'yan sa-kai a kan Fulani ba tare da bambance mai laifi da marar laifi ba ya ƙara rura wutar. Makiyayin da ba shi da wurin da zai kai kukansa a cikin gari, akwai masu jiran su saurare shi a cikin daji. Mata kuwa, waɗanda ake sacewa, ake kashe wa mazaje, suke sayar da kayan ɗaki domin haɗa kuɗin fansa, ba a ma kai ga muhawara a kansu ba, domin al'adar zaman ƙofar gida ta riga ta bar su a cikin gida.

Katsina ta taɓa gwada rufe baki gaba ɗaya

Gwamnati da kanta ta gwada mafi tsananin nau'in wannan dabara. A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta rufe ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai masu labari. Amma wayar da infoma ke kira da ita, ita ce manomi ke kiran sojoji da ita idan ya hango babura, ita ce kuma ɗan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita. Bayan 'yan watanni aka dawo da layukan, hare-haren kuwa ba su ƙare ba. Harin 'Yargoje ya zo ne kusan shekara uku bayan wannan gwaji.

Abin da ya sa tambayar ta ƙara nauyi yanzu

A da, taron gari shawara kawai yake yankewa: a haƙa ganuwa, a tara kuɗin 'yan banga, a sa dokar hana fita da dare. A shekarar 2025 lamarin ya sauya. Ƙananan hukumomi da dama a Katsina, irin su Jibiya, sun shiga zaman sulhu da jagororin 'yan bindiga, har abin ya iso kudancin jihar, ciki har da Faskari da Sabuwa. A zaman da aka yi a Hayin Gada ta Faskari a watan Satumba, an ga Ado Aleru, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020 bayan kisan da aka yi a Kadisau. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sha nanata cewa gwamnatinsa ba ta neman sulhu da 'yan bindiga, amma ba za ta hana al'umma yin nasu ba.

Wannan matsayi ya ɗora nauyin gaba ɗaya a kan kalma ɗaya: al'umma. Idan al'umma ce ta yi sulhu, to wanda aka ƙidaya a cikinta shi ne ya yafe jinin da aka zubar, shi ne ya amince da sharuɗɗan shiga kasuwa da hanyoyin kiwo da komawa gona. Idan waɗanda suka zauna manyan gari ne kaɗai, waɗanda gidajensu ke tsakiyar gari kusa da ofishin 'yan sanda, to an yanke hukunci a kan gonakin bakin daji ba tare da masu su ba. Yankin ya ga sulhun Masari na 2017 da na 2019, ya kuma ga yadda suka warware, har aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. Yarjejeniyar da mutane da yawa suka ji labarinta a rediyo kawai ba ta da masu tsaron ta idan ta fara tsagewa.

Doka ma tana da abin cewa, ko da yake ba kai tsaye ba. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana hukuma nuna masa bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa. Hirar dattawa a gindin bishiya ba hukuma ba ce. Amma zaman da shugaban ƙaramar hukuma ya jagoranta, hakimi ya halarta, jami'an tsaro suka tsare, ya riga ya ɗauki rigar hukuma, kuma da wuya a kare ware wani ɗan ƙasa daga cikinsa don kawai ba a nan aka yanke cibiyarsa ba.

Sirri daban, shawara daban

Kuskuren da ke cikin muhawarar shi ne haɗa abubuwa biyu a tukunya ɗaya. Akwai magana ta sirri: ranar sintiri, inda za a yi kwanto, sunan wanda ake zargi. Wannan bai kamata a yi ta a gaban jama'a ba, ko da duk waɗanda ke wurin jikokin wanda ya sari garin ne. Wurinta ƙaramin kwamiti ne na mutane ƙalilan, domin idan sirri ya fita a san iyakar waɗanda za a tuhuma. Akwai kuma maganar da ta shafi aljihu da rayuwar kowa: nawa kowane gida zai biya, a yi sulhu ko kada a yi, wa zai je ya yi magana da sunan gari. A nan ma'aunin da ya dace shi ne wanda zai ɗauki nauyin hukuncin. Ɗan gudun hijirar da ake karɓar kuɗin 'yan banga a hannunsa ya riga ya sayi bakin magana.

Hanyar shigar da baƙo ba tare da sakaci ba kuwa, ba sai an aro ta daga waje ba. Tsohuwar al'adar ƙasar Hausa ita ce baƙo ya sauka a hannun mai masauki, mai masauki ya kai shi gaban mai unguwa, ya tsaya masa. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya dogara a kan wannan tsari: maigida ne ke saukar da baƙon falke, ya haɗa shi da dillali, ya lamunce bashin da ke tsakani, idan aka ci amana sunansa ne ke zubewa. Dukiya mai yawa ta riƙa sauya hannu tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, saboda akwai wanda ya ce na tsaya masa. Hatta rundunar tsaron al'umma da Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da matasa 1,466 daga ƙananan hukumomin da ke bakin daga, an gina ta ne a kan tunanin cewa sanin mutum da sanin ƙasa su ne jari.

Lamuni shi ma yana da cutarsa, kuma matasan da ke bibiyar siyasar ƙananan hukumomi sun san ta. Mai tsaya wa mutum yana iya mayar da abin sana'a, ya riƙa karɓar na goro, ko ya tsaya wa 'yan jam'iyyarsa kaɗai. Matar da aka kashe wa miji ta taho da marayu daga ƙauyen da ya watse, wataƙila babu wanda ya san ta balle ya tsaya mata. Saboda haka tsarin ba zai yi aiki ba sai an buɗe ƙofofi fiye da ɗaya: limami ya iya tsayawa, arɗo ya iya tsayawa ga mutanensa, shugabar mata ta iya, dagacin ƙauyen da aka tasa, wanda sau da yawa shi ma yana gudun hijira a garin, ya iya gabatar da talakawansa. Sunayen 'yan ƙaramin kwamitin kuma su kasance sanannu, da wa'adin da za a sauya su, domin kujerar da ke riƙe da sirri da kuɗin gari ba tare da ranar sauka ba ita ce 'yan bindiga za su fi son saye.