Takardar da ke jikin kwalbar maganin kaska, ita ma magani ce

Da damina ta sauka, kaska kan yi yawa a garke, cinikin maganin feshi kuma ya tashi a kasuwannin bisashe irin su Dakoro, Abalak da Tanut. A aikina da ƙungiyoyin makiyaya, abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake tsiyayawa cikin robar lemo ana sayarwa babu takarda. Mai saye bai san sunansa ba, bai san awonsa ba, bai san abin da zai yi wa jikinsa ba.

Ko mutum ba ya karanta Faransanci ko Turanci, takardar tana magana da zane. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da alamomin haɗari guda 9, kowace cikin jan gida mai kusurwa huɗu. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa: kaɗan ma yana iya kisa. Mutum mai tauraro a ƙirji: lahani ne ga kayan ciki, sau da yawa a hankali yake bayyana. Ruwa na ɗiga a kan hannu: yana ƙona fata da ido. Mataccen kifi: kada a kusanci tabki ko rijiya da shi. A ƙasan wasu kwalaben akwai layi mai launi. Ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai tsanwa.

Ta hanya uku guba ke shiga jiki: fata, numfashi da baki. A wurinmu fata ce babbar ƙofa, domin da hannu ake dama magani ana shafa wa saniya, cikin rana da gumi. Dangin diazinon da piya-piya jijiyoyi suke kamawa: yawu da gumi su zubo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, jiki ya yi makyarkyata, numfashi ya yi wuya. Amitraz yana kawo barci mai nauyi, ya rage bugun zuciya, kuma ba a sa wa doki ko jaki shi. Cypermethrin yana sa fata raɗaɗi. Abin da ya shiga jini kuwa, hanta ce ke faman narka shi, ƙoda ta fitar, shi ya sa yawan haɗuwa da guba ke gajiyar da su.

Abin da nake roƙon kowace ƙungiya shi ne ta sayi magani a rufe, da takardarsa, wurin likitan dabbobi. A sa wani mai karatu ya karanta wa kowa awon magani da na ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Mai feshi ya sa safar roba da riga mai dogon hannu, ya rufe hanci, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko ya sha shayi sai ya yi wanka da sabulu. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin.

Idan ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin a wanke nan take. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa har minti 15. Idan an sha, kada a ba da nono ko mai, kada a tilasta amai, domin yana iya komawa cikin huhu. A gaggauta zuwa likita, a riƙe kwalbar a hannu: da sunan da ke jikinta malamin asibiti zai san makarin da ya dace.

Kwalbar da ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan cikin abin feshi, sannan a huda ta. Ba ta komawa gida don zuba nono ko ruwan sha, komai kyanta.