Injin CNC a Ƙasar Adar: Hannun Wa Ya Dace Ya Shiga?

Tun bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023, maganar ƙera kayanmu da kanmu ba ta bar bakin hukumomi da gidajen rediyo ba. A daidai wannan lokaci ne hotunan bidiyo suka cika Facebook da TikTok, ana nuna wani inji yana zana furanni a jikin ƙyauren katako, ko yana yanka faifan ƙarfe babu hannun kowa a kai. Daga Madawa zuwa Buza da Keita, magana biyu ake ji a majalisu. Wasu na cewa kwanan kafinta da maƙeri ya ƙare. Wasu kuma, musamman 'yan ci-rani da suka tara ɗan jari a Abijan ko Libiya, gani suke da ka sayo injin ka jona masa wuta, sai ƙirgar kuɗi. Duka biyun sun yi kuskure, amma kuskuren na biyun ya fi tsada.

Wannan inji, wato CNC, ba sabon abu ba ne. A 1952 aka fara nuna irinsa a jami'ar MIT ta Amurka. A yau kwamfuta ce ke ba shi umarni da wasu lambobi da ake kira G-code, shi kuma ya matsa da bakin yankansa hagu ko dama, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Akwai na sassaƙar katako, akwai kuma na fiƙe ƙarfe, ɗan'uwan wanda masu gareji ke kira tur. Abin da ya sauya kawai shi ne farashi. Ƙananan injuna na shigowa daga Sin, manhajoji irin su GRBL da LinuxCNC kuwa kyauta ne, sai Mach3 da ake saye.

Wahalar tana farawa ne ranar da aka buɗe kwali. Injin juyin da ke tura bakin yankan taku-taku yake tafiya, yawanci taku 200 a zagaye guda. Idan an raba kowane taku gida 16, sandar mai zare kuma tana matsawa milimita 8 a zagaye, to sai a gaya wa manhaja cewa taku 400 ne milimita ɗaya. Wanda ya sa lambar da ba ita ba zai ce wa inji ya tafi milimita 100, ya tafi 80, kuma injin ba zai ce uffan ba. Haka wanda ya rubuta G20 a maimakon G21 ya mai da awonsa inci, bakin yanka ya ruga ninki 25 na abin da ake nufi har ya karye. Idan da'ira ta fito kamar ƙwai, a duba sako-sako tsakanin noti da sanda, ko bel da ya saki. Idan aiki ya goce daga tsakiya, inji ne ya zubar da taku saboda an matsa masa gudu ko ya yi zafi, kuma kowa ya san a watan Afrilu zafin jihar Tawa yana haura 40. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta cinye boris. Wutar da ke hawa da sauka, da rashin wayar ƙasa, su ke sa inji ya tsaya da kansa ana tsakiyar aiki. Mun kuma ga yadda aka yi a watan Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke wutar da take ba kamfanin lantarki na NIGELEC. Duk wanda zai sayi inji bai tanadi batir da na'urar daidaita wuta ba, asarar katako zai yi ta yi.

A duba jerin nan da kyau. Kusan dukansa awo ne, da sanin halin ƙarfe, da kunnen da ke gane kukan inji in ya sauya. Su waye ke da wannan ilimi a ƙasarmu? Nan ne ake tsallake tarihin da ya kamata a fara da shi.

Ƙasar Adar ƙasar ƙarfe ce tun kafin zuwan Nasara. Duwatsun da muke kuka da su saboda wahalar noma, a cikinsu kakanni suka riƙa haƙo tama. Su gina murhun laka, su jera tama da gawayi, su kwana suna kiwon wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Ba su da ma'aunin zafi. Launin harshen wuta da ƙarar iska ne ke gaya masu inda aiki ya kai, kuma wannan sani daga uba zuwa ɗa yake tafiya, ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta yi rubutu a kansu, har ta ɗauki fim ɗin narka tama mai suna Noces de feu. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Faransa zai iya kallon wannan fim, yaron Keita kuwa ya gama makaranta bai taɓa jin cewa a yankinsu an narka ƙarfe ba.

Da tsofaffin motoci da ƙarafan Turai suka cika kasuwa, narka tama ya mutu, amma maƙera ba su mutu ba. Suka koma kan sipirin mota suna fitar da hauya da gatari da galma. Da walda ta zo, 'ya'yansu suka karɓe ta, suka shiga ƙera amalanke da ƙyauren ƙarfe da garmar shanu. A birnin Tawa, masana'antar ACREMA ta daɗe tana ƙera kayan noma da famfon rijiya. Da aikin raya karkara na Keita ya soma a 1984 da tallafin Italiya, an kawo manyan injuna, amma hannun talakawa ne, akasarinsu mata, ya jera duwatsu ya dasa miliyoyin itatuwa. Sau nawa sabon abu ya shigo Adar, masu sana'ar hannu suka kama shi suka mai da shi nasu? To me ya sa in an zo maganar CNC sai a manta da su, a riƙa neman wanda ya iya latsa waya kawai?

Ni dai furannin ƙyaure ba su dame ni ba. Abin da ke raina shi ne injin ban ruwa. A fadamar Tarka da kwarin Maggiya, albasa ce rayuwar dubban iyalai, albasa kuma ba ta jure kwanakin ƙishirwa. Bushi ɗaya ya cinye, ko sanda ta lanƙwashe, sai manomi ya kama hanyar Ƙonni ko Maraɗi, wani lokaci har Sakkwato, kuma tun da aka rufe iyakar Benin kayan gyara suka ƙara tsada. Haka masu injin niƙa ke fama. Ƙaramin injin fiƙe ƙarfe guda a Madawa, a hannun wanda ya san aikinsa, zai fitar da irin wannan ƙarfe iri ɗaya sau hamsin, awo bai sauya ba. Sai dai a sani, yanka zare yana buƙatar na'urar da ke ƙirga juyin inji, kuma LinuxCNC ya fi GRBL dacewa da wannan. Ba kuma dole sai sabo fil ba. Ana iya ɗaura injunan juyi a jikin tsohon tur. A Lome, wani ɗan Togo mai suna Afate Gnikou ma ya haɗa injin buga abubuwa na 3D daga tarkacen kwamfuta a 2013, a cibiyar WoeLab.

Saboda haka ina kira ga magadan gari da ma'aikatar koyar da sana'o'i da asusun tallafa wa koyon sana'a na FAFPA. Kada a sayo injuna don bikin yanke kyalle, a kulle su a ɗaki mabuɗi na aljihun darakta. Kafin a sayi inji, a horar da malami, a tanadi wutar rana da batir, a ajiye kuɗin bakin yanka da boris na shekara. A fassara darussan awo da G-code zuwa Hausa, domin yawancin yaran maƙera da masu walda ba su yi nisa a Faransanci ba, kuma wannan bai hana su lissafi ba. A haɗa su aji ɗaya da ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Ƙasawa da ke Maraɗi, kowa ya koya wa ɗan'uwansa abin da ya sani.

Ku kuma iyaye maƙera, ku daina ganin kwamfuta a matsayin kayan 'yan boko. Kai kuma ɗan ci-rani mai niyyar sayen inji, kafin ka tura ko dala ɗaya, nemi ma'aunin kauri ka koyi karanta shi, ka je garejin mai tur ka yi ko da wata shida kana koyon aiki.