Abin da Ma'aikaciyar Jinya Take Dubawa Kafin Ta Yi wa Yaro Riga-kafi

Ya ku iyaye da malamanmu masu daraja na Kwanar Dangora da ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa.

Sau da yawa mukan ji uwa tana ƙorafin cewa ta kai ɗanta riga-kafi, sai ma'aikaciyar jinya ta tsare ta da tambayoyi kamar alƙali. Muna so mu bayyana muku dalilin waɗannan tambayoyi, domin amsar da uwa ta bayar ita ce ke nuna wa ma'aikaciya abin da ya dace ta yi.

Da farko za ta karɓi katin yaro ta duba shekarunsa da alluran da ya riga ya samu. Ana farawa ne tun ranar haihuwa, sannan a mako na 6 da na 10 da na 14, sai allurar kyanda a wata na 9, a maimaita ta a wata na 15. Idan lokaci ya wuce saboda damina ko tafiya, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba.

Daga nan sai ta taɓa jikin yaro, ta auna zafinsa, ta lura da numfashinsa da yadda yake shan nono. A nan ne iyaye da dama suke kuskure. Wasu sukan ɓoye rashin lafiyar yaro don kada a mayar da su, wasu kuma sukan ƙi zuwa sam saboda mura ko zawo ko ɗan zazzaɓi. Waɗannan ƙananan larurori ba sa hana riga-kafi. Yaron da jikinsa ya yi tsanani shi ake fara yi wa magani, a ɗage allurar har ya sami sauƙi. Haka nan, idan yaro ya taɓa suma ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan wata allura, wajibi ne a faɗa, ko da ba a tambaya ba.

Ku ma kuna da haƙƙin tambaya. Ku ce a gaya muku sunan allurar da cutar da take karewa, ku ga an buɗe sabon sirinji a gabanku. Malamanmu sun tuna cewa a 2003 an dakatar da riga-kafin shan-inna a Jihar Kano saboda shakku, sai a 2004 aka dawo da shi bayan bincike. Mun koyi darasi daga wancan lokaci, shi ya sa muke ganin ma'aikaciyar da ta ƙi yin bayani ta gaza a aikinta. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna, amma ɓarkewar mashaƙo a 2023 ta fi yin ɓarna a Kano, kuma yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala alluransu ba.

Bayan allura, a ɗan zauna kamar minti 15 kafin a tafi gida. Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi a cinya ba abin tsoro ba ne. A ci gaba da shayarwa. Allurar tarin fuka takan yi ƙurji a damtse bayan 'yan makonni, ta bar tabo. Kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Amma idan yaro ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya ƙi tsayawa, a garzaya da shi asibiti.

Muna roƙon malamanmu, a wajen raɗin suna, su tambayi uban jariri ko an karɓo masa kati. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa ko mai unguwa a ranar, domin cikin kwana 14 ake son a ɗauki bayan-gidansa sau biyu a kai gwaji.