Yadda Ake Gwada Abincin da Aka Sauya wa Ƙwayoyin Gado

Akwai mutanen da in suka ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, nan da nan sai borin jini ya feso musu, leɓɓa su kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe har ta kai ga rasa rai. Dalili shi ne garkuwar jikinsu ta ɗauki wani furotin na cikin abincin a matsayin abokin gaba, ta tanadar masa wasu dakaru da ake kira IgE. Da zarar sun haɗu, sai jiki ya saki sinadarin histamin, mai kawo ƙaiƙayi da kumburi. To, da yake ƙwayar gadon da aka dasa wa shuka galibi sabon furotin take sa ta ƙera, wajibi ne masana su tambaya: shin wannan furotin zai tayar wa wani da irin wannan ciwo?

Darasin Waken Soya

Kamfanin Pioneer Hi-Bred na Amurka ya so ya inganta waken soya don abincin dabbobi, sai ya dasa masa ƙwayar gado daga gyaɗar Barazil, wadda 'ya'yan wata bishiya ce ta dajin Amazon. Masana a Jami'ar Nebraska suka gwada sabon waken da jinin mutum 9 waɗanda jikinsu ba ya jituwa da wannan gyaɗa. Dakarun jinin galibinsu suka kama sabon furotin. Aka kuma ɗiga ruwan waken a fatar mutum 3 aka ɗan tsaga, wurin ya tasa. An buga sakamakon a 1996, kuma waken bai taɓa shiga kasuwa ba. Wato ciwon yana iya bin ƙwayar gado daga wannan shuka zuwa waccan, amma gwaji yana iya tare shi.

Matakan Gwaji

A 2003 hukumar Codex Alimentarius, wadda ke ƙarƙashin hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tsara ƙa'idojin wannan bincike. Da farko a duba asalin ƙwayar gadon: daga abin da aka san yana tayar da ciwon ta fito? Na biyu, a kwatanta jerin tubalan furotin ɗin, wato amino asid, da na furotin da aka san suna cutarwa. In kamannin ya wuce kashi 35 cikin 100 a jerin tubala 80, sai a gwada shi da jinin masu ciwon. Na uku, a zuba shi cikin fefsin, sinadarin da ciki ke narkar da abinci da shi, domin furotin mai wuyar narkewa abin tuhuma ne.

Wannan mataki na uku ne ya sa a 1998 Amurka ta amince da masarar StarLink don dabbobi kawai. Amma a 2000 aka same ta cikin abincin mutane, aka janye kaya fiye da iri 300 daga kantuna. Gwajin jini na 2001 bai nuna cewa ita ce ta cutar da masu koke ba, sai dai an koyi cewa raba hatsin dabbobi da na mutane abu ne mai wuya.

Mu da Waken Samaru

A 2019 Nijeriya ta saki waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar don yaƙar tsutsar maruka. Furotinsa, Cry1Ab, daga wata bakteriyar ƙasa ya fito, fefsin yana narkar da shi da sauri, kuma tun 1996 ake noma masara mai ɗauke da shi.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa babu gwaji ɗaya tilo da ke yanke hukunci. Hujjoji ake tarawa a auna, kuma kowane sabon iri da nasa binciken. Saboda haka, in aka ce wani abinci yana da illa, ko ba shi da ita, tambayar ɗan kimiyya ita ce: wane furotin ne, kuma wane gwaji aka yi masa?