Madobiya da Cinikin Katakonta

Daga cikin itatuwan da Allah Ya hore wa dazuzzukan Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har Kamaru da Chadi, da wuya a sami mai tarin fa'idodi kamar madobiya, domin kuwa a tsakiyar rani, sa'ad da ciyawa ta ƙone, dabbobi suka rame, ita ce ke lulluɓe kanta da fure ruwan ɗorawa, sa'an nan ta fid da sabon ganye wanda makiyayi ke hawa ya sassaro wa shanunsa. In aka sari ɓawonta kuwa, jan ƙaro ne ke tsattsafowa, wanda masu magani suka daɗe da sanin sirrinsa.

Amma darajarta mafi girma tana cikin katakonta, wanda yake da nauyi da tsauri, ja-ja mai ratsin duhu, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma in gwanin kafinta ya goge shi sai ya yi sheƙi ba tare da fenti ba. Wannan kyau shi ya jawo mata musiba. Attajiran ƙasar Sin, waɗanda ke ƙaunar kujeru da gadaje irin na sarakunansu na dā, bayan sun ƙarar da jan katakon dazuzzukan maƙwabtansu, sai fatakensu suka fuskanto nahiyarmu, har aka wayi gari manyan motoci na kwasar gungume daga Taraba da Adamawa da Kogi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, alhali talakan da ya yi saran bai sami ko ushirin abin da ake sayar da shi a can ƙasar Sin ba. Wannan, a ganina, almubazzaranci ne tsantsa da dukiyar jama'a.

A shekarar 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, suka sa madobiya cikin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, ko da yake fasa-ƙwauri bai daina ba. Madobiya tana da jinkirin girma ƙwarai, sai dai kututturenta yana sake toho muddin aka tsare shi daga gobarar daji da bakin awaki, kuma wannan tsaro aiki ne da ya wajaba a kan dagatai da ma'aikatan gandun daji.